Wa Ke Duba Karatun 'Ya'yanmu? Faɗakarwa Ga Iyayen Zongon Kumasi

(Taken shiri)

  Ina gaida iyayenmu maza da iyayenmu mata, ina gaida malamanmu na allo da na boko. Ina gaida mutanen Aboabo da Asawase da Sawaba da Akwatia Line da Alabar da Tafo, da Hajiyar da ke jin mu daga rumfarta a kasuwa, da direban da ya kunna rediyo yana jiran motarsa ta cika. Yau maganar makaranta za mu yi, ta gwamnati da ta kuɗi. Tambayar da zan bi ita ce: in yaro ya shekara 11 yana ɗaukar jaka kowace safiya, ya fito bai iya karatu ba, wa ya kamata ya gane tun da wuri, kuma me ya hana shi ganewa?

Kun san yadda unguwa ke zama ranar da hukumar WAEC ta saki sakamakon jarrabawar BECE. Shagunan intanet su cika da yara. Gidan da aka samu agiriget 8 ko 10 a yi ta barka, a fara lissafin manyan makarantun sakandare, Prempeh ko Opoku Ware ko T.I. Ahmadiyya, in mace ce Yaa Asantewaa. Gidan da aka samu 35 kuwa sai faɗa. Uba ya ce yaron ba ya jin magana, uwa ta ce tichoci ba sa koyarwa, tichoci su ce iyayen Zongo ba su ɗauki boko da muhimmanci ba. Bayan mako biyu kowa ya huce. A saya wa yaro akwati da katifa, tunda sakandare kyauta ce tun Satumban 2017, ko kuma a kai shi wurin maigida a Suame Magazine ya koyi aikin hannu. Baɗi a maimaita.

Ga wanda bai san lissafin ba, makin darussa 6 ake haɗawa, kowane darasi daga 1 zuwa 9, kuma ƙaramar lamba ita ce mai kyau. Shi ya sa 6 ke zama ƙololuwa. To amma wannan jarrabawa a ƙarshen hanya take zuwa, bayan shekara 2 a ajin share fage, wato KG, 6 a firamare, 3 a ƙaramar sakandare, wato JHS. Ranar da takardar ta fito, aikin gama ya gama. Ba BECE ce ta kayar da yaron ba, ita dai ta sanar da mu abin da ya faru shekara bakwai ko takwas da suka wuce, lokacin da ba wanda ya waiwaya.

Ga hujja. A 2013, aka kuma sake a 2015, hukumar ilimi ta ƙasa, wato GES, da tallafin hukumar USAID ta Amurka, ta gwada karatun yaran aji 2 na firamare a faɗin Ghana. Ba jarrabawar rubutu aka ba su ba. Zaunar da yaro aka yi, aka miƙa masa takarda aka ce karanta, da Turanci da kuma harshen gida. Kusan rabin yaran ba su iya fitar da ko kalma ɗaya ba. Waɗanda suka karanta ba gargada kuma suka gane abin da suka karanta, ba su wuce 2 cikin 100 ba. Wannan lissafin ƙasa ne baki ɗaya, ba na Zongo kaɗai ba, saboda haka kada wani ya ce mu aka zaga. Amma kada kuma wani ya ce mun tsira. Waɗancan yara an ci gaba da ciyar da su gaba aji bayan aji, har suka je suka zauna BECE.

Iyayena, ku dubi yadda muke yi a makarantar allo. Yaro ba ya wanke allonsa sai ya biya malam ya ji da kunnensa. In ya yi tuntuɓe a mai da shi ya sake. Uwar da ba ta taɓa riƙe alƙalami ba ta san surar da ɗanta yake, ta san ko ya wanke yau ko bai wanke ba, in ya kwana uku a kan rubutu ɗaya za ta yafa mayafi ta je ta ji dalili. Wannan uwar, in ka tambaye ta ina ɗanta ya kai a boko, sai ta ce yana aji 4. Hajiya, aji 4 wurin zama ne, ba karatu ba ne. Mun iya bin diddigin karatu, mun gaje shi kaka da kakanni, a garin da malamai irin su Shehu Ahmad Baba al-Wa'iz suka kafa makarantu kamar Wataniyya. A ƙofar makarantar boko ne kawai muke ajiye wannan gadon mu koma gida.

To su wa gwamnati ta ɗora wa aikin dubawa? Suna nan, kuma suna da yawa. GES, wadda aka kafa a 1974, tana da ofis a kowace ƙaramar hukuma, da darakta a kansa. Mutanen Aboabo da Asawase da Sawaba da Adukrom, ofishinku yana ƙarƙashin Asokore Mampong, wadda aka cire daga Kumasi a 2012. Mutanen Tafo, taku ƙaramar hukumar ta tsaya da ƙafarta a 2018. Na cikin gari kuma suna nan ƙarƙashin hukumar birnin Kumasi, KMA. Kowane ofis ya raba makarantunsa da'ira-da'ira, kowace da'ira da jami'inta. Tsofaffin tichoci sun san shi da sakit sufabaiza, yanzu SISO ake ce masa. Aikinsa ya shiga makaranta, ya duba rajistar malamai da ta yara, ya zauna cikin aji ya ga yadda ake koyarwa, ya gyara wa malami inda ya kauce, ya kai rahoto ofis. A saman wannan akwai kwamitin sa ido kan ilimi na ƙaramar hukuma, wanda shugaban ƙaramar hukumar, MCE, da kansa ke shugabanta, da wakilan sarakuna da na addinai da na ƙungiyar malamai da na iyaye. Sannan dokar 2020 mai lamba 1023 ta kafa hukumar sufetocin makarantu ta ƙasa, NaSIA, wadda ba ta ƙarƙashin GES, kuma tana da ikon shiga makarantar gwamnati da ta kuɗi ta auna ta.

A takarda ba abin da ya rage. Matsalar tana wurin abin da ake dubawa. Abin da ya fi sauƙin dubawa shi ne littafin shirin darasi, wanda tichoci ke ce wa lesin not. An rubuta shi? Hedimasta ya sa hannu? An ba yara aikin aji sau nawa, an yi maki da jan biro? Duk wannan ana iya gama shi cikin ofishin hedimasta ba a ga fuskar yaro ko ɗaya ba. Malami na iya cika littafinsa tsaf, alhali rabin ajinsa kwafe suke yi daga allo kamar masu zane, ba su san abin da suke rubutawa ba. Ni a ganina SISO ɗin da ya ɗauki yara biyar daga layin baya, ba waɗanda madam ta zaɓo masa ba, ya ce su karanta masa layi uku, ya fi wanda ya wuni yana buga hatimi sanin halin da makaranta ke ciki. Kuma adalci ya sa in faɗa: jami'in da aka ba makarantu barjat, ba a ba shi man babur a kan lokaci ba, ba zai zagaya yadda ya kamata ba. An daɗe ana wannan kukan a ƙasar nan.

Akwai wani bincike na Bankin Duniya da ya fito a 2007, inda aka auna lokacin da yara ke yi suna koyo na haƙiƙa cikin lokacin da gwamnati ta ware. A Tunisiya an samu kashi 78 cikin 100, a Maroko 71, a Ghana 39. Sauran lokacin ya tafi a rashin zuwan malami, da makara, da share fili, da wasanni, da zaman jira. Binciken ya tsufa, kuma an yi gyare-gyare tun daga lokacin. Amma duk wanda gidansa ke kusa da makaranta ya san ƙarfe nawa hayaniyar yara ke lafawa da safe, ya san ƙarfe nawa take sake tashi. Shi ma ma'auni ne.

(Ɗan kiɗa)

Masu sauraro, in yanzu kuka kama mu, muna magana ne a kan wanda ke duba karatun 'ya'yanmu. Yanzu zan shiga ajin da na fi so mu daɗe a ciki, wato KG.

Ghana na cikin ƙasashen Afirka na farko da suka sa ajin share fage cikin ilimin dole kuma kyauta. Gyaran ilimi na 2007 ne ya kawo haka, dokar ilimi ta 2008 mai lamba 778 ta tabbatar: shekara 2, ga yaro mai shekara 4 da 5. Yara sun cika azuzuwa, wannan nasara ce. Amma ku shiga makarantu da yawa ku ga inda aka ajiye KG. Sau da yawa shi ne ɗakin da ya fi duhu, ko wanda rufinsa ke yoyo, ko baranda. Ku ga kuma wa aka ba ajin. An daɗe da wata al'ada a makarantunmu, ta ɗaukar KG wurin hutu: malamar da ta kusa ritaya, ko mai jego, ko wadda ba ta da takardar koyarwa, ita ake turawa can, a kai gwanaye JHS 3 saboda BECE. Hedimastan da ya yi haka ba mugu ba ne. Ya san da sakamakon BECE za a auna shi, ba wanda zai tambaye shi yara nawa suka bar KG 2 sun san sautin haruffa. Abin da ake tambayar mutum shi yake gyarawa. Icce kuwa tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Koyar da ɗan shekara 4 fanni ne mai zaman kansa. Tun 2018 kwalejojin horar da malamai suka koma ba da digiri na shekara 4, kuma a cikin rassan akwai na ƙananan azuzuwa, daga KG zuwa aji 3. Nan Kumasi muna da kwalejin Wesley da ta St. Louis, a Wenchi akwai Al-Faruq ta Musulmi. Ina kira ga 'yan matanmu da samarinmu da suka gama sakandare: ku nemi wannan reshen. Zan faɗi dalili.

Dalilin shi ne harshe. Tsawon shekaru, harsunan gida 11 ne gwamnati ta amince a koyar da su a makaranta: Twi na Asante da na Akuapem, Fante, Nzema, Ga, Dangme, Ewe, Dagbani, Dagaare, Gonja da Kasem. Hausa ba ta ciki, duk da cewa gidan rediyon ƙasa ya daɗe yana watsa labarai da ita. Tsarin ƙasa kuma ya ce a fara wa yaro karatu da harshen gida tare da Turanci. A Kumasi harshen gidan da ake nufi shi ne Twi. To ku ɗauki yarinya 'yar shekara 4 daga Aboabo. A gida Hausa take ji, wataƙila kakarta na yi mata Mosanci ko Dagbani ko Zabarmanci. Da yamma a makaranta tana biya Larabci. Da safe ta shiga KG, madam ta yi mata Twi da Turanci. Yaran Zongo da yawa suna tsintar Twi a titi, kuma alheri ne gare su, don da shi za su yi ciniki a kasuwar Kejetia, shi kuma za su rubuta a BECE. Amma mai shekara 4 da ba ta fara fita wasa nesa da gida ba, ba ta tsince shi ba tukuna. Za ta yi shiru, sai a rubuta cewa ba ta da ƙoƙari. Ba ƙoƙari ta rasa ba, wanda zai ce mata "zo nan, me kika gani a hoton nan?" da harshen da take mafarki da shi ta rasa. Malama ɗaya mai jin Hausa a KG, ko mataimakiya, za ta warware rabin wannan matsala ba tare da an sauya dokar ƙasa ba. Wannan buƙata ce da za a iya kai wa daraktan ilimi na Asokore Mampong a rubuce, lokacin da ake rabon sababbin malamai.

A arewacin ƙasar nan wata ƙungiya mai suna Lively Minds ta gwada wata dabara tare da GES. Iyaye mata na ƙauye, da yawansu ba su taɓa shiga aji ba, aka horar da su suna zuwa KG bi da bi, suna zama da yara ƙungiya-ƙungiya, suna wasannin ƙirga da daidaita launi da ba da labari cikin harshen garin. Gwamnati ta karɓi tsarin ta faɗaɗa shi zuwa gundumomi da dama. In matan ƙauye sun iya, ban ga abin da zai hana ƙungiyoyin matanmu na Zongo ba, waɗanda ke iya haɗa biki na mutum ɗari biyar cikin mako guda.

Yanzu kuma iyaye, ku gyara zama, don wannan ɓangaren namu ne. A shekarar karatu ta 2015 zuwa 2016 an yi wani gwaji a makarantu 240 na yankin Akra, na gwamnati da na kuɗi, ƙarƙashin masana da suka haɗa da Sharon Wolf ta Jami'ar Pennsylvania. An horar da malaman KG su rage duka da haddar dole, su koyar ta hanyar wasa da tambaya da amsa, jami'an gunduma kuma suna biyo su aji suna gyara musu. Koyarwa ta inganta, yara suka ƙaru. A wasu makarantun sai aka ƙara da tarurrukan wayar da kan iyaye, da zaton abin zai fi kyau. Sai ribar da yaran suka samu ta zube. Masu binciken sun yi zaton iyaye ne ba su gamsu da sabon salon ba. Ni dai ban yi mamaki ba. Mu ne muke zuwa mu ce, "Madam, kuɗi na biya ba wasa na kawo shi ba, ina aikin gida?" Mu ne muke murna in ɗan shekara 3 ya rera ABCD har Z, alhali in ka nuna masa harafi ɗaya a tsakiya bai san shi ba. Mu ne muke cewa a zane shi, duk da GES ta hana bulala a makarantu tun 2017. Yaron da ke jera murafan kwalba yana ƙirgawa, lissafi yake yi. Wanda ake karanta wa labari ana tambayarsa me zai faru gaba, karatu yake koyo.

Akwai kuma maganar shekaru. Wata uwar takan kai ɗan shekara 2 da rabi KG don ta samu ta je kasuwa, wani uban kuma ya riƙe ɗansa sai ya kai 7. Sai ka ga aji ɗaya da mai tsumma a gindi da wanda ya fara famfara, malama ɗaya a kansu. 'Yan ƙasa da shekara 4 wurinsu gidan reno ne, kuma gidajen reno sashen jin daɗin jama'a ne ke ba su izini a ƙarƙashin dokar yara ta 1998.

Makarantun kuɗi sun cika lungunanmu, wasu a gidan haya, wasu a jikin masallaci. Akwai nagari a cikinsu, kuma sun rufa wa unguwa asiri inda gwamnati ba ta kai ba. Amma kafin ka biya kuɗin zango, Alhaji, ka tambayi mai makaranta takardar rajistarsa ta NaSIA, ka tambayi malamar KG shekara nawa ta yi a wurin. Inda ake ɗaukar 'yan sakandare a ba su abin da bai kai kuɗin mota ba, malama ba ta zama. Yaro sai ya ga fuska uku a shekara ɗaya. Yunifom mai kyau da bikin yaye yara da hula mai tunku ba su ne karatu ba.

Sai auna malamai. Tun 2018 hukumar malamai ta ƙasa, NTC, ta fara jarrabawar lasisi: karatu da rubutu, lissafi, da sanin aikin koyarwa. An yi ta cece-kuce a kanta. A 2023, cikin mutum 7,728 da suka sake zama bayan sun faɗi a baya, 6,451 suka sake faɗuwa. Wasu suka ce wannan ya nuna amfanin jarrabawar, wasu suka ce in mutum ya gama kwaleji bai iya ba, kwalejin ya kamata a tuhuma. Gwamnatin Shugaba John Mahama da ta hau a Janairun 2025 ta ce za ta sauya fasalin abin. Ko ma yaya aka yi da ita, jarrabawar bakin ƙofa ce. Tana iya tare wanda bai iya lissafi ba, amma ba za ta gaya maka ko malami na zuwa ranar Litinin ba, ko ya san sunan yarinyar da ke zama a lungu. Wannan sai wanda ya shiga aji. Lasisi kuma ana sabunta shi ne da makin ƙarin horo, kuma malamai na da zaman da suke yi junansu kowane mako don gyara koyarwa. Inda hedimasta ya riƙe wannan zama da gaske, ana ganin bambanci. Inda ya zama sa hannu a rajista, ba a ganin komai.

Kuma kada mu auna malami da abin da ba a ba shi ba. An kawo sabuwar manhaja a Satumban 2019, littattafanta suka yi shekaru ba su iso azuzuwa ba. Kuɗin gudanarwa da gwamnati ke ba makaranta a kan kowane yaro, wanda ya fara da sidi 3 a shekara a 2005, ya koma 4 da rabi, daga baya ya kai 10, ba ya isa, kuma yakan makara har hedimasta ya sayi alli da kuɗin aljihunsa. A makarantunmu na Turanci da Larabci, waɗanda ke ƙarƙashin sashen ilimin Musulunci da aka kafa a 1987, malamin boko na karɓar albashin gwamnati, na Larabci kuwa sau da yawa alawus ne mai zuwa ya ɗauke. Ga shi tun 2024 Larabci ya shiga cikin darussan da ake iya rubutawa a BECE. Da wane ƙarfin gwiwa za a nemi sakamako daga malamin da ya yi watanni bai ga ko sisi ba? Sannan malami ba zai koyar da kujera ba. Yaron da aka tura talla ranar kasuwa, aka tafi da shi biki Alhamis, Juma'a ya ƙi zuwa, Litinin aka ce ana suna a gida, in ya faɗi kada a nemi ticha.

To ina kujerarmu a cikin wannan tsari? Tana nan, mu ne ba ma zama. Kowace makarantar gwamnati tana da kwamitin gudanarwa, SMC, da wakilan iyaye da na unguwa da asambiliman a ciki. Hedimasta ba ya kashe kuɗin gudanarwa sai bisa tsarin gyaran makaranta da aka rubuta, kuma shugaban SMC na sa hannu a kai. Akwai kuma taron da ake kira SPAM, wanda ya haura shekara 20 a tsarin ilimin ƙasar nan. An ƙirƙiro shi ne musamman don a tara malamai da iyaye da shugabannin unguwa da jami'in da'ira, a baje sakamakon yara a fili, a ce ga inda muke, ga inda muke son kaiwa, ga abin da kowa zai yi. Tun Disamban 2021 kuma an fara jarrabawar bai ɗaya ta ƙasa ga 'yan aji 4, Turanci da lissafi, don a gane mai rauni da sauran lokaci. Sakamakon irin wannan jarrabawa ba sirrin ofis ba ne. Dokar 'yancin samun bayani ta 2019 ma ta ba ɗan ƙasa damar nema a rubuce.

Abin da ke faruwa a tarurrukanmu kun san shi. A kira taro ƙarfe 9, mata goma sha su zo, maza uku. A yi awa biyu a kan kuɗin jarrabawar gwaji da ɗinkin yunifom, a tashi. In ana Turanci ko Twi, wadda ba ta ji sosai ta yi shiru don kunya. Ina roƙon hedimastocin makarantun Zongo, don Allah ku sa mai fassara da Hausa a kowane taro. Ina roƙon limamanmu su sanar da ranar taron makaranta bayan sallar Juma'a kamar yadda suke sanar da ɗaurin aure. Ina roƙon masu unguwanni da fadar Sarkin Zongo su tambaya: wa ke wakiltar Musulmi a kwamitin ilimi na ƙaramar hukuma, yaushe suka zauna na ƙarshe, me ya faɗa a madadinmu? In kun je taron, ga abin da za ku tambaya da ladabi, ba da faɗa ba: a aji 2 da aji 3, yara nawa ne ke iya karanta gajeren labari su faɗi ma'anarsa? Malamar KG an horar da ita a kan ƙananan yara, kuma yara nawa ne a gabanta? Yaushe SISO ya zo, ya shiga aji ko a ofis ya tsaya? Hedimasta nagari zai ji daɗin waɗannan tambayoyi, don da su zai je ofis ya ce iyaye sun matsa mini, a ƙaro mini malama.

Kafin ranar taron kuma, akwai abin da za a yi yau da daddare. Hajiya, ko ba ki yi boko ba, kira ɗanki na aji 3 bayan sallar isha. Buɗe littafinsa a shafin da ba a kai ba, ba wanda ya haddace ba. Ki ce ya karanta layi uku da ƙarfi, yayansa ko ɗan maƙwabta na sakandare yana bi da ido. Sannan ki ce ya gaya miki da Hausa abin da ya karanta. In ya iya, ki sa masa albarka. In bai iya ba, kada ki dake shi, kada ki zagi ticha. Gobe da safe ki raka shi makaranta, ki gaida madam, ki ce mata, "Ɗana bai iya karatu ba tukuna, me za ki yi, ni kuma me zan yi?" Ki koma bayan wata ɗaya ki sake tambaya.

Nan za mu dakata a shirinmu na yau. Allah ya raya mana zuriya, ya saka wa malamanmu da alheri. Alhaji, taron makaranta na gaba, kai ma ka je da kanka, kada ka bar wa Hajiya ita kaɗai.